Julie Gayet: sunan shugaban ƙasa ne ya ɗaga ta, ko aikinta ne?

Garba_Fagge: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga masu bin finafinan Faransa, musamman 'yan'uwanmu na Nijar. Na ga wata mata mai suna Julie Gayet a shirin nan na Dix pour cent, inda ta fito da sunanta na gaskiya. Da na nemi labarinta, duk inda na leƙa magana ɗaya ce: matar tsohon shugaban Faransa François Hollande. Amma kuma an ce wai furodusa ce. Ni dai a ganina, ba don Hollande ba da babu wanda zai san ta a wajen Faransa, kuma ina zargin furodusancin ma inuwar fada ta sha. Wanda ya san wani abu ya warware mana.

Zainabu_Liyon: Wa alaikumus salam. Malam Garba, lissafin shekaru kaɗai ya isa ya rusa zarginka. An haife ta 3 ga Yuni 1972 a Suresnes, gefen birnin Paris. A 1995 Agnès Varda ta ba ta babban matsayi a fim ɗin da ta yi don cikar sinima shekara 100. A 1997 ta karɓi kyautar Romy Schneider, wadda ake ba matashiyar jaruma mai tasowa, bayan fitowarta a Select Hôtel. Kamfaninta, Rouge International, a 2007 suka kafa shi ita da Nadia Turincev. Hollande kuwa sai 2012 ya hau mulki, maganarsu kuma ba ta fito fili ba sai Janairun 2014. Wace inuwa ta sha a 2007?

Garba_Fagge: Hajiya Zainabu na ji. Amma kafa kamfani daban, kamfanin ya yi suna daban. Ki duba yaushe manyan finafinan suka fara fitowa. Ba 2015 zuwa 2017 ba ne? Wa ke kan mulki a lokacin?

DanDamagaram: Hhhh Garba bai saki ba.

Kawu_Iro: Ni abin da na tuna kawai shi ne babur. Shugaban ƙasa sukutum da hular kwano, an goyo shi a bayan babur cikin dare zuwa wajen matar. A gidajen rediyo muka sha labarin har muka gaji.

Lauya_Sani: Kawu, mujallar Closer ce ta buga hotunan ranar 10 ga Janairu 2014. Abin da mutane da yawa ba su bi ba shi ne yadda ta kaya a kotu. Julie Gayet ta kai ƙarar mujallar kan keta sirrin rayuwarta, ta nemi diyyar Yuro 50,000, kotun Nanterre ta ce a biya ta 15,000. A Faransa sashe na 9 na kundin dokokin farar hula ya ba kowa haƙƙin a mutunta rayuwarsa ta sirri, ko da kuwa fitacce ne. Mujallun tsegumi sun san da haka, suna dai lissafa tarar ne cikin kuɗin kasuwanci, tunda abin da za su sayar ya fi ta.

Ummi_Maradi: To ita matar da ke cikin fada a lokacin hwa? Ita kowa ya manta da ita.

Zainabu_Liyon: Valérie Trierweiler. Ba a manta da ita ba Ummi, sai da aka kwantar da ita asibiti bayan fitowar labarin, kuma ranar 25 ga Janairu Hollande ya sanar da rabuwarsu. Daga baya ta rubuta littafi a kansa, an saye shi ƙwarai. Sai dai ita ma ba aure ne tsakaninsu ba. Har Ségolène Royal da suka haifi 'ya'ya huɗu tare ba su yi aure ba. Aurensa na farko shi ne wanda ya yi da Julie Gayet ranar 4 ga Yuni 2022 a Tulle, garin da ya taɓa yi wa magajin gari.

Malam_Tanimu: Subhanallah. 'Ya'ya huɗu babu aure, sannan jama'a su zaɓe shi ya shugabance su. Allah Ya tsare mana imaninmu. Ni ban ga abin koyi a rayuwar waɗannan mutane ba balle a ɓata lokaci a kansu.

Bashir_Kamara: Allah gafarta Malam, ba wanda ya ce a yi koyi da zamansu. Zauren na harkar fim ne, kuma tambayar Garba kan aikinta ce. Ga shi mun bar aikin mun koma babur, wanda shi ne ainihin abin da ya faru da matar a duniya.

Garba, bari in amsa maka ta fuskar sana'a. Matsalar ita ce kana kallon furodusan Faransa da idon namu. A wurinmu furodusa shi ne mai kuɗin, ko wanda wani Alhaji ya ba kuɗin. Can ba haka ba ne. Furodusa shi ke ɗaukar labari ya yi ta yawo da shi ofis-ofis har kuɗin su haɗu, wani lokaci shekara uku ko huɗu kafin a kunna kamara. Akwai hukumar finafinai ta ƙasa, CNC, da aka kafa tun 1946. Duk tikitin sinima da aka saya a Faransa ana cire kusan kashi 11 cikin 100 a zuba a asusunta, ko fim ɗin Amurka ka shiga kallo. Ka ga ke nan Hollywood na ciyar da finafinan Faransa ba da sonta ba. Sannan akwai tallafin da ake ba fim tun kafin a yi shi, a biya idan ya kawo kuɗi, wanda aka soma a 1959 zamanin da André Malraux ke ministan al'adu. Kwamiti ne na 'yan sana'ar ke karanta labari ya yanke hukunci. Ga gidajen talabijin irin su Canal+ da doka ta wajabta musu zuba kuɗi a finafinai. Ga jihohi, ga abokan haɗin gwiwa na wasu ƙasashe. Aikin furodusa shi ne ɗinke waɗannan duka wuri guda.

Garba_Fagge: Yawwa Bashir, ai kai ka ƙarfafa min magana. Idan kuɗin daga hukumar gwamnati da gidajen talabijin suke fitowa, wa zai ƙi ɗaga wayar budurwar shugaban ƙasa?

Lauya_Sani: Wannan tambaya ce mai kyau, ba zan ce ba. Amma zargi daban, hujja daban. Abin da aka gani a fili ma akasin haka ne. A watan da labarin ya fashe, aka ji cewa an gabatar da sunanta cikin alƙalan da ke zaɓen waɗanda za su je Villa Médicis, gidan masu fasaha na Faransa da ke Rum, ministar al'adu Aurélie Filippetti ta ƙi sa hannu. Kusancin nata da fada ya hana ta abin da wataƙila da ta samu cikin sauƙi.

Garba_Fagge: Wannan a gaban jama'a ne Barista. Abin da ake yi a waya fa?

Lauya_Sani: Kawo mana wayar mu saurara.

Hajiya_Turai: Ku bar gardamar nan ku faɗa mana finafinan. Ni ko ɗaya ban sani ba.

DanDamagaram: Hajiya, wanda zan ce ki fara da shi L'Insulte ne, na 2017, na daraktan Lebanon Ziad Doueiri. Kamfaninta na cikin waɗanda suka shirya shi. Labarin wani makanike ne Kirista ɗan Lebanon da wani Bafalasɗine shugaban leburori a Beirut. Kan bututun ruwan baranda suka fara cacar baki, zagi guda ya fita, abu ya kai kotu, daga nan ƙasa ta rabu biyu, tsohon mikin yaƙin basasa ya dawo ɗanye. Wanda ya fito a Bafalasɗinen, Kamel El Basha, shi ya ci kyautar gwarzon jarumi a bikin Venice. Fim ɗin kuma ya kai cikin biyar na ƙarshe a Oscar na 2018, ɓangaren finafinan ƙasashen waje, karon farko ga Lebanon. Duk wanda ya taɓa ganin yadda rigimar mutum biyu ke zama ta ƙabila ko ta addini zai gane fim ɗin ba tare da an yi masa bayani ba.

A shekarar dai akwai Visages Villages na Agnès Varda da mai ɗaukar hoto JR, suna yawo ƙauyukan Faransa suna liƙa manyan hotunan mutanen gari a bango. Shi ma ya shiga takarar Oscar, ɓangaren finafinan gaskiya, kuma Rouge International na cikinsa. Finafinai biyu a Oscar a shekara guda. Hollande ya sauka tun Mayun 2017, kuma ba ya da ƙuri'a a Los Angeles.

Zainabu_Liyon: Ƙaramin gyara ɗan'uwa, don kada a ba ta abin da ba nata ba. Visages Villages 'yar Varda ce, Rosalie, ta ja ragamarsa ta kamfaninsu na gida Ciné-Tamaris. Julie Gayet abokiyar haɗin gwiwa ce. Haka ma Grave na Julia Ducournau, babban furodusan Jean des Forêts ne, su sun shigo ne a matsayin abokan shiri. Yawancin manyan finafinan da ake jingina mata haka suke. Wannan bai rage mata komai ba a wurina, amma a faɗi gaskiya. Abin da ke burge ni a na Varda shi ne juyin zamani: matar da ta ba ta dama tana 'yar shekara ashirin da 'yan kai, ita ce ta dawo ta taya nemo wa kuɗi bayan fiye da shekara ashirin, Varda tana dab da casa'in. A 2019 ta rasu.

Garba_Fagge: Ahaf! Ashe raɓe take yi a finafinan wasu.

Bashir_Kamara: Ba raɓe ba ne Garba. Abokin shiri shi ke kawo kason kuɗin da in babu shi fim ba zai tashi ba, kuma idan an faɗi da shi ake faɗuwa. Abin dubawa shi ne wa ta zaɓa ta tsaya wa. Grave fim ɗin Ducournau ne na farko, ba wanda ya san ta. Bayan shekara biyar, a 2021, ta ɗauki Palme d'or, babbar kyautar bikin finafinai na Cannes, mace ta biyu a tarihi bayan Jane Campion a 1993. Ido ke nan. Shugaban ƙasa ba ya ba mutum ido.

Hajiya_Turai: Shi Grave ɗin na mene ne?

DanDamagaram: Hajiya wannan ki bar shi. Yarinya ce da ba ta cin nama ta shiga makarantar likitan dabbobi, aka tilasta mata cin ɗanyen nama, daga nan ta fara sha'awar naman mutum. Da aka nuna shi a Toronto sai da wasu suka suma.

Hajiya_Turai: A'uzu billahi. Maita ke nan. Wannan shi ne idon da Bashir ke yabo?

Malam_Tanimu: Kun ji ko.

Ummi_Maradi: Hhhhh Malam ya samu makami. To ga wanda zai yi maka daɗi Malam: Mimosas na Oliver Laxe, 2016. A duwatsun Atlas na Maroko aka yi shi. Ayari ne ke rakiyar wani tsohon shehi da ke son a bizne shi a Sijilmasa, ya rasu a hanya, mutum biyu suka ɗauki alkawalin kai gawar ba su ma san hanya ba. Fim ne na tawakkali daga farko har ƙarshe. Ya ci babbar kyautar Semaine de la critique, wani ɓangare na bikin Cannes, kuma kamfanin matar nan na cikin masu shirya shi. Sijilmasa ɗin nan kuwa tsohon zangon fataken Sahara ne. Amma in gargaɗe ku, tafiyarsa a hankali take, in kin saba da fim mai waƙa da rawa barci zai ɗauke ki.

Dan_Zongo: Ni daga Kumasi nake bin ku. Abin da na lura, wasu finafinan da kuke lissafawa ba na Faransawa ba ne: Lebanon, Maroko. Me ya sa?

Zainabu_Liyon: Har da Romaniya, Le Trésor na Corneliu Porumboiu a 2015, da Chile, da wani fim na Bafalasɗine Raed Andoni tun farkon kamfanin. Hanyar da suka ɗauka ke nan tun asali. Kuma tsarin ya taimaka: akwai asusun tallafa wa finafinan duniya da CNC da Institut français ke gudanarwa tun 2012, wanda ya gaji tsohon asusun Fonds Sud. Darakta daga waje ba ya nema kai tsaye, sai ta hannun kamfanin da ke Faransa. Shi ya sa irin su Julie Gayet ke zama ƙofa ga daraktocin ƙasashen da ba su da asusun fim.

DanDamagaram: Kuma nan ne inda ni nake da ja. Ƙofar tana da kyau amma mai ƙofa shi ke zaɓen wanda zai shiga. Mu a Nijar mun san wannan tun zamanin Jean Rouch da Oumarou Ganda da Moustapha Alassane. Fim ya fito, ya zaga bukukuwan Turai, ya ci kyauta, mutanen garin da aka yi shi ba su gan shi ba. Ko fim ɗin Aïcha Macky kan unguwar Kara-Kara ta Zinder da haɗin gwiwar Turawa aka yi shi, kuma fim ne mai kyau, ba ina kushe shi ba. Tambayata ita ce, labarin da kwamitin Paris bai so ba wa zai ba shi kuɗi?

Bashir_Kamara: Gaskiya ne. Amma ɗan'uwa, mu da ba mu da kwamitin Paris ma akwai mai zaɓar mana: ɗan kasuwa da YouTube. Na taɓa yi wa wani furodusa aiki, ba zan kama suna ba, muka gama ɗauka ya ce sai fim ya fita zai biya. Fim ya fita, ya shiga na biyu, har yau ina bin sa. A Faransa ma'aikacin fim da ya cika awa 507 cikin wata 12 yana da haƙƙin karɓar alawus a lokacin da babu aiki. Mu ko takardar yarjejeniya sai ka yi faɗa. Ni wannan ne ke ba ni kishi, ba jan kafet ba.

Maman_Ilham: Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Yaya Garba, ka yi haƙuri, amma tambayarka ita ce wadda ake yi wa kowace mace da ta yi wani abu: wa ke bayanta? Rahama Sadau ta shirya Rariya a 2017, sai da aka yi ta tambayar ina ta samu kuɗi. Namiji ya shirya fim goma ba mai tambaya. Kuma dalilin da ke sa jaruma ta koma shirya fim kusan ɗaya ne ko'ina. Shekaru na tafiya, matsayin da ake ba ki na raguwa, ko ki zauna jiran waya ko ki zama mai bugawa. Julie Gayet tana da shekara 35 ta buɗe kamfani. Ba ta jira an daina kiranta ba.

Zainabu_Liyon: Maman Ilham kin taɓo inda ita kanta ta fi damuwa. A 2013 ta yi fim na hira ita da Mathieu Busson, Cinéast(e)s, inda suka zauna da daraktoci mata na Faransa suna tambayar su halin da mace ke ciki a sana'ar. Tun kafin guguwar #MeToo ta 2017 kan cin zarafin mata ke nan. A 2018 mata 82 suka tsaya a matattakalar Cannes, Varda da Cate Blanchett a gaba, don adadin finafinan mata da suka taɓa shiga babbar gasar ke nan tun da aka fara, na maza kuwa sun haura 1,600. Bayan nan CNC ta fito da ƙarin kashi 15 cikin 100 na tallafi ga fim ɗin da ya daidaita maza da mata a manyan muƙaman aiki. Abin dariya, ƙasar da ta fitar da Alice Guy, wadda ta fara ba da umarnin fim a kamfanin Gaumont tun ƙarshen ƙarni na 19, ita ce ke buƙatar a ba ta tukuici kafin ta ɗauki mata aiki.

Tana kuma cikin masu fafutukar wayar da kai kan cutar nan ta endometiriyosis, mai sa mata matsanancin ciwon mara lokacin al'ada, wadda ake daɗewa ba a gano ta ba. A nan da yawan mata ta wannan hanyar suka san ta.

Garba_Fagge: Ƙanwata Maman Ilham, ban tambaya don mace ce ba. Da ɗan shugaban ƙasa ne ma zan tambaya. Kuma ku dubi gidan da ta fito.

Lauya_Sani: A nan kam kana da gaskiya fiye da batun Hollande. Mahaifinta Brice Gayet farfesa ne na tiyatar ciki, mahaifiyarta dillaliyar kayan tarihi, kakanta Alain Gayet yana cikin 'yan gwagwarmayar da Janar Charles de Gaulle ya karrama bayan yaƙin duniya na biyu. Yarinyar da ta koyi waƙar opera, ta tafi Landan koyon wasan kwaikwayo tun ba ta kai ashirin ba, ba daga rugar talaka ta fito ba. Idan gata kake nema, can yake, ba a fadar Élysée ba. Amma 'ya'yan likitoci nawa ne a Paris, nawa ne cikinsu suka kai fim Oscar?

Kawu_Iro: To a matsayin jaruma fa? Kowa na ta furodusa furodusa. Ta iya wasan ko ba ta iya ba?

DanDamagaram: Ta iya Kawu, amma ba za a sa ta layi ɗaya da Isabelle Huppert ko Juliette Binoche ba, kowa ya san haka. Ba ta taɓa cin César, babbar kyautar finafinan Faransa, ba. An sa ta takara a 2014 saboda Quai d'Orsay na Bertrand Tavernier, inda ta fito a mai ba ministan harkokin waje shawara kan Afirka, kuma bikin ya zo makonni kaɗan bayan hotunan, kowa ya zuba mata ido ba don fim ɗin ba. A Tokyo ta ci gwarzuwar jaruma a 2009 da 8 fois debout, wanda kamfaninta ya shirya. Ni a wurina matsakaiciyar tauraruwa ce, amma furodusa mai hanci.

Zainabu_Liyon: Matsakaiciya ta yi tsauri. Ka kalli Select Hôtel tukuna, inda ta fito a 'yar ƙwaya da ke kwana a wani ruɓaɓɓen otal. Ba za ka ce 'yar farfesa ba ce.

Ummi_Maradi: Abin da ni ya ba ni mamaki, duk shekarun da Hollande ya yi saura a mulki ba ta taɓa fitowa a matsayin uwargidan shugaba ba. Ko liyafar da Obama ya shirya masa a Fabrairun 2014 shi kaɗai ya tahi. Wata ce da tuni ta buɗe ofis da gidauniya.

Garba_Fagge: Wannan kam na yaba mata. Amma har yanzu ba wanda ya amsa rabin maganata ta farko. A cikinmu nan, ban da Hajiya Zainabu da ke zaune can da 'yan Nijar biyu, wa ya san sunanta kafin 2014? Aikin nata ne, na yarda. Sunan kuwa babur ne ya kawo mana shi.

Bashir_Kamara: Furodusa nawa ka sani da suna a Faransa gaba ɗaya? Faɗi uku.

Garba_Fagge: Luc Besson.

Bashir_Kamara: Saura biyu.

Dan_Zongo: Ku bar shi ya yi bincike. Hajiya Zainabu, yanzu me take yi? Ta bar fim ne tunda ta yi aure?

Zainabu_Liyon: Ina! A 2021 ta kafa bikin Sœurs Jumelles a garin Rochefort, mai haɗa mawaƙa da masu shirya fim, ana yin sa duk bazara. Sannan ita da Mathieu Busson sun ba da umarnin fim na talabijin kan Olympe de Gouges, matar da ta rubuta takardar haƙƙin mata a 1791 aka fille mata kai a 1793, kuma ita ta fito a matsayin Olympe ɗin. Mijin ma bai zauna ba, ya koma majalisar dokoki a 2024 yana wakiltar yankin Corrèze.

Hajiya_Turai: To wancan na bututun ruwan, akwai shi da fassarar Hausa? Faransancina bai wuce gaisuwa ba.

DanDamagaram: Da Larabcin Lebanon aka yi shi Hajiya, ba Faransanci ba. Ki nemi mai rubutun Ingilishi a ƙasa.

Malam_Tanimu: Ummi, wancan na shehin, ya kika ce sunansa? Ba don komai ba, ina son in ga yadda suka nuna jana'izar ne.